Waken Bomo Ya Riga Ni Hawa Jirgi

Ni na zuba shi a ambulan da hannuna,
ƙwaya ɗari biyu, na liƙe baki,
na rubuta masa lamba a baya.
Ba wanda ya tambaye shi takardar banki,
ba wanda ya ce ya rantse zai dawo.

Ni kuwa sau biyu ina kwana Abuja
da wasiƙar gayyata mai tambari.
Ta bayan gilashi aka dube ni
kamar mai duba ƙwai cikin ruwa,
aka turo fasfo ta ƙarƙashin taga:
ba mu gamsu za ka koma gida ba.
Ina da awaki uku a Hayin Dogo,
da ɗalibai tamanin masu jiran sakamako,
da bashin mai shayi a ƙofar Samaru.
Wa zai gudu ya bar wannan arziki?

Wata Talata aka sa hannu a yarjejeniya.
An yi wa zauren taro sabon fenti
har ya kama babbar rigar shugaban sashe.
Baƙi suka sha zoɓo, suka ce da daɗi,
suka ce daga yau tafiyarmu ɗaya.
Na tafa har tafina ya yi ja.

Ba zan ce ba su kawo kome ba.
Sun kawo na'urar awon ƙasa,
wata bakwai tana aiki kamar aljani,
sai wani ɗan ƙarfe da bai kai farce ba ya ƙone.
Tana nan lulluɓe da tsohon zane,
gizo-gizo ya buɗe nasa sashen a ciki.

Duk Laraba muna haɗuwa a allon kwamfuta,
fuska tara, kowa cikin ɗan akwatinsa.
Da na buɗe baki in faɗi abin da gona ta ce
sai a ɗauke wuta.
Kafin Ɗantala ya ja igiyar janareto
an wuce batu na huɗu, kowa ya amince.

Ingrid ba ta da mugun nufi, na shaida.
Ta zo da damina, ta durƙusa a kunya,
laka har gwiwa, ta koyi "sannu da aiki",
ranar komawa ta yi hawaye a Kwangila.
Amma da takarda ta fito
suna bakwai a sama, nawa na shida,
Iya Barmani kuwa,
wadda ta adana irin nan cikin toka da gora
tun kafin a haife ni,
ta koma "manoman yankin"
da ƙananan baƙaƙe, can ƙasa.
Karanta takardar ma sai da dala.

Asabe ce ta fi kowa a ajina.
Ita ta samu gurbin, ni na sa mata hannu.
Shekara ta uku ke nan.
Ta aiko hoto cikin rigar sanyi,
ta ce, Malam, na shiga ɗakin ajiyar iri,
na ga ambulan, na gane rubutunka.
Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba.
Na san albashin da ke jiranta.

Jiya na hau babur zuwa Bomo.
Na tarar da Iya tana sheƙe dawa.
Na ce, wakenki ya ƙetare teku,
masana na ta magana a kansa.
Ba ta ajiye ƙwaryar ba.
Ta ce, ya yi 'ya'ya a can?
Na ce, an ce ya yi.
Ta ce, to ka gaya musu,
wanda ya ari iri da iri yake biya.
Mudu ɗaya ya ishe ni,
su aiko kafin ruwan shuka.

Na rubuta a bayan hannuna.
Laraba zan faɗa, in da wuta.